Rahotonku kan Audie Murphy ya bar rabin labarin

Ranka ya daɗe Edita,

Na karanta rahoton da kuka wallafa kwanan nan kan Audie Murphy, sojan Amurka da ya zama jarumin fim. Yabon da kuka yi masa ya cancanta. A ranar 26 ga Janairu 1945, kusa da ƙauyen Holtzwihr a Faransa, ya hau motar yaƙi tana ci da wuta, ya kama babbar bindigar da ke kanta, ya tare sojojin Jamus kusan awa guda, da rauni a ƙafarsa. Shekarunsa 19 kacal.

Sai dai kun tsallake abin da ya biyo baya. Mutumin da ya fito a matsayin kansa a fim ɗin To Hell and Back a 1955 ya yi ta fama da mugayen mafarkai, yana kwana da bindiga ƙarƙashin matashi. Maganin barci ya kama shi, har sai da ya kulle kansa a ɗakin otal na mako guda kafin ya rabu da shi. Daga baya ya fito fili yana kiran gwamnati ta kula da taɓin ƙwaƙwalwar tsofaffin sojojin Koriya da Biyetnam.

Ina roƙon ku sake rahoto na biyu a kan wannan ɓangaren, ku tattauna da likitan ƙwaƙwalwa.

Naku,
Mai karatu