Bayan shanyewar ɓarin jiki, a riƙa tunawa da baki da maƙogwaro

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ɗan ba ni fili in faɗi wani abu da ya same mu a gida, don na tabbata ba mu kaɗai ba ne. Ni ɗan wani ƙauye ne a ƙaramar hukumar Ringim, bara ana tsakiyar yankan gero mahaifinmu ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar masallaci bayan asuba. Dama yana da hawan jini, amma ka san dattawanmu, in ya sha ƙwaya kwana biyu ya ji kai ya daina sarawa shikenan an jefa ta bayan tukunya. Muka yi shatar mota zuwa wani babban asibiti a Kano, aka ce shanyewar ɓarin jiki ce ta ɓangaren dama, muka yi kwana 12 aka sallamo mu da magunguna da takardar zuwa gashi.

Hannu da ƙafa kam an gasa alhamdulillahi, amma maganar baki ba wanda ya ce mana kanzil. Mutumin da shi ake kira in an yi rikicin iyakar gona, ya dawo in ya buɗe baki ba abin da ke fita sai to, to, to. Yana son buta sai ya ce tabarma, a kawo tabarma ya fusata ya doka sanda a ƙasa hawaye na zuba. Nan fa gari ya ɗauka, wasu su ce jifa ne wasu su ce iska ce, wata gwaggonmu ma cewa ta yi ai hankalin ne ya gushe, kuma a gabansa take faɗa yana ji. Ga shi duk sanda Inna ta ɗago kansa daga kwance ta ba shi ruwa ko rubutu sai ya ƙware, ya yi ta tari, murya ta koma kamar mai kurkure baki, mu kuma sai dai mu bubbuga bayansa mu ce sannu Baba. Ba a rufa wata ba zazzaɓi ya rufe shi, aka koma asibiti aka ce nimoniya ce.

A wannan komawar ce wata nas ta ce mana akwai masu aikin gyaran magana da haɗiya, wallahi ban taɓa jin wannan sana'a ba sai ranar. Da ƙyar da siɗin goshi muka samu wata baiwar Allah ta yarda za ta riƙa zuwa har gida. Ranar farko ni na zaci zan ga allura da ƙarin ruwa, sai na ga ta durƙusa ta ce Baba ina wuni, ya ƙarfin jiki, ta zauna a tabarma ta ce Inna don Allah a kawo min abin da yake ci da cokalin da ake ba shi. Ta ɗora yatsunta a maƙogwaronsa yana haɗiya tana sauraro. Sannan ta mana bayani, wai hanya biyu ce a wuya, ta abinci da ta numfashi, akwai ɗan murfi da ke rufe ta numfashin in za a haɗiye, to ciwon ya sa haɗiyar tasa tana makara, tsinkakken ruwa kuma gudu gare shi, kafin a rufe ya gangara huhu, nimoniyar kenan. Ta ce a daina ba shi komai a kwance, a zaunar da shi sosai, kunu da kauri, fura a dama a tace ba gudaji, tuwo mai laushi, ƙaramin cokali kuma kar a ƙara sai ya haɗiye na farko. A leƙa kuncin dama ko loma ta maƙale, ya zauna kamar minti 30 kafin ya kwanta, a goge masa baki safe da yamma. Ta ja kunnena ta ce kar in je ina raba wa mutane wannan a matsayin magani, kowane mara lafiya sai an duba nasa.

Abin da ba zan manta ba shi ne zuwanta na biyu. Ta ce Baba mu karanta Fatiha, ta ja bisimilla, kawai sai muka ji tsoho ya ɗauka tiryan-tiryan har walad dallin, mutumin da ya kasa cewa ruwa. Inna ta toshe baki da mayafi ta fita. Ita mai gyaran maganar ta ce mana ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke riƙe da jikin dama, kuma a wurin yawancin mutane nan ne ma'ajiyar magana take, shi ya sa suke tafiya tare, amma hankalinsa na nan, kuma abin da aka haddace tun ƙuruciya yakan fito ko da sauran sun ƙi. Daga nan ta kama, ƙirge, ranakun mako, sai ta ce Baba a gona ana shuka gero da, ta yi shiru, can ya ce dawa. Ba ta zo da wani littafin Turawa ba, fartanyarsa da carbinsa da goro da rediyo su ta jera masa. Mu ma ta kafa mana doka, mutum ɗaya ya yi magana a lokaci guda, a kashe rediyo, a yi tambayar e ko a'a, a jira shi kar a fizge masa kalma, kar a yi masa ihu tunda ba kurma ba ne, kar kuma a yi masa magana kamar yaro. Ni jiran nan ne ya fi ba ni wuya gaskiya.

Da a asibiti aka yi, wa zai ga yadda Inna ke ba shi ruwa a kwance? Sai dai fa aljihu ya ji a jikinsa, sau biyu a wata take zuwa mu biya kuɗin mota da na aiki, tsakani kuma kiran bidiyo a WhatsApp in sabis ya yarda, sai da akuya biyu suka tafi kasuwa. Wanda ba shi da akuyar fa?

Shi ya sa nake roƙon gwamnatin Jigawa, masarautu 5 gare mu, Dutse da Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim, ko mutum ɗaya ɗaya ne a ɗauka a ajiye a babban asibitin kowacce, a ba shi babur ya riƙa zagaya gidaje. Sannan makarantar koyon aikin lafiya ta Jahun da ke yaye ma'aikatan ƙananan asibitocinmu, a koya musu ko da gane alamar matsalar haɗiya ne da yadda za su nuna wa masu jinya, tunda su ne kusa da mu. Gidajen rediyo ma su taimaka, 29 ga Oktoba ita ce ranar wannan ciwo ta duniya, a gayyato masu wannan aiki su yi bayani da Hausa.

Baba dai har yanzu maganar a hankali take fita, wata rana ta zo wata rana ta ƙi. Shekaranjiya ina gaya wa yayana kuɗin buhun taki, yana gefe yana shan kununsa, ya ajiye cokali ya kalle ni ya ce tsada, kar ka saya.

Naku,
wani mai karatu daga ƙaramar hukumar Ringim, Jigawa