A kai iyaye su ga duniya tun suna da sauran ƙarfi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Don Allah ka ɗan sammin fili a jaridar nan taka mai farin jini in faɗi wani abu da ya daɗe yana cin raina. Mu a wajenmu tsoho ba ya hawa jirgi sai da dalili biyu, ko dai Hajji da Umara, ko kuma ciwo ya ci ƙarfinsa a kwashe shi ranga-ranga zuwa Indiya ko Misra. Na farkon ba mai ja da shi, wanda bai sauke wa iyayensa farali ba ma ba da shi nake ba. Amma bayan an sauke ɗin fa? Yaro zai tafi Dubai ya cika mana Facebook da hotuna, uban da ya sayar da amfanin gona ya biya masa makaranta kuma bai taɓa fita don buɗe ido kawai ba, wai ai tsofaffi ba sa son yawo, alhali ko tambayarsu ba a yi ba.

Ni da ƙannena mun yi karo-karo za mu kai Baba Misra in Allah ya yarda. Ba Turai muka zaɓa ba saboda wahalar biza da sanyi, kuma me zai gani a can da zai taɓa masa zuciya? Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana koyar da Larabci da littattafai bugun Misra, kullum Azhar a bakinsa, masallacin da aka gina tun wajen shekarar 970 kuma har yau ana karatu a cikinsa. Ga masallacin Amru ɗan Asi a tsohon garin Fusɗaɗ, shi ne na farko da aka gina a ƙasar, ga kabarin Imamu Shafi'i duk a cikin Alƙahira. Da na faɗa masa sai ya hau ba ni labarin Imamu Suyuɗi, mutumin Alƙahira da ya rasu a 1505, yadda ya rubuta wa Sarkin Katsina da na Agadas wasiƙar nasiha, wallahi sai da aka kira sallar Isha'i bai gama ba. Dalar Giza kam ni na fi shi ɗokinta, shi abin da ya nace sai ya gani da idonsa gawarwakin Fir'aunonin nan ne da aka mayar sabon gidan tarihi na Fusɗaɗ a 2021.

To abin da nake so masu irin wannan niyya su sani, shirin tafiyar tsoho daban yake da na saurayi. Fara da fasfo tun da wuri, don yawancin iyayenmu sunan da ke NIN ɗinsu da ranar haihuwa sukan saɓa da na sauran takardu, gyaran kuma ba na kwana biyu ba ne, sannan fasfon ya zama da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare. Sai biza, sai katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa, kar a bar shi sai ranar tafiya. Jirgi a nemi wanda zai tashi daga Kano kai tsaye, awa biyar ma ba lallai ta cika ba, ko da ya fi tsada, ya fi a ajiye dattijo mai ciwon gwiwa a wani filin jirgi ya kwana a kujera. Lokaci kuma tsakanin Nuwamba da Fabrairu, don zafin Yuli a can ba na wasa ba ne, amma a tafi da rigar sanyi.

Wuri ɗaya a rana ya isa, a dawo masauki a yi ƙailula. Ramin cikin dala a sunkuye ake shigarsa, Baba ba zai shiga ba ko ya ce zai iya. Masu raƙuma a wurin kuwa a gama ciniki da su kafin a hau. Maganin hawan jini a jakar hannu zai zauna da takardar likita, za mu kuma tafi da garin kunu da yaji, don ban ga alamar zai jure wake da burodi kullum da safe ba.

Abin da ya rage mana yanzu shi ne wa zai raka shi cikin iyayenmu mata biyu, kuɗin na mutum uku ne kawai har da ni, kuma duk wanda ya tashi a gidan yawa ya san wannan ba maganar da ake yankewa a waya ba ce. Mun bar wa Baffa ya zauna da su bayan sallar Juma'a. Masu karatu da suka san masauki mai sauƙin kuɗi kusa da Azhar, wanda ke da lifta, don Allah su taimaka ta wannan shafi.

Na gode.

Naku,
Mai karanta jaridarku daga Zariya