Amsa ga Malamin da Ya Tambaye Ni Kan Ɗaliban China a Amurka

Assalamu alaikum Malam,

Ka tambaye ni a bainar jama'a: da a ce ni ke riƙe da jami'a a Amurka, zan ci gaba da karɓar ɗaliban China, ko kuwa hakan ajiye kura ne a cikin garke? Zan karɓe su. Makullin ɗakin bincike ne ba zan ba kowa ba, baƙo ne ko ɗan gida.

Ban ce babu leƙen asiri ba. Ji Chaoqun ya shiga Amurka da bizar karatu a 2013, ya karanta injiniyancin lantarki a Chicago, ashe yana tattara wa hukumar leƙen asirin China bayanan injiniyoyin da za a iya janyewa su yi mata aiki. A Janairun 2023 aka ɗaure shi shekara 8. Sai dai a zangon 2019/20 ɗaliban China a ƙasar sun haura 370,000. Da yawansu kuɗin makaranta suke biya cif-cif, wasu kuma su ke kwana a ɗakunan gwaji suna yi wa farfesoshi aikin wahala.

Ai an gwada zargin kan mai uwa da wabi. Ma'aikatar shari'ar Amurka ta ƙaddamar da shirin China Initiative, na farautar masu yi wa China leƙen asiri, a 2018, ta nannaɗe tabarmarsa a 2022. A tsakani an kama Farfesa Gang Chen na jami'ar MIT, bayan shekara guda aka janye tuhumar. Sanannen da aka samu da laifi kuwa, Charles Lieber na jami'ar Harvard, Ba'amurke ne da ya ɓoye kuɗin da ya karɓa daga China.

Ka tuna da Qian Xuesen, Malam. Ɗan China ne, gwanin roka a jami'ar Caltech ta Amurka. A 1950 aka zarge shi da gurguzu, aka hana shi ayyukan sirri, aka sa masa ido shekara 5. A 1955 ya koma gida, shi ya jagoranci ƙera makamai masu linzami na China. Wa ya yi asara?

Abin da ya fi damu na ma ba ka tambaya ba, wato tsaron ɗaliban su kansu. A 2024 kotu a Boston ta ɗaure wani ɗalibin China saboda ya yi wa wata barazanar yanke hannu, don kawai ta liƙa takardar neman dimokuraɗiyya, ya kuma ce ya kai ƙararta ga hukumomin China. Kafin in binciki bizar kowa, ofishin da irinta za su kai kuka zan fara buɗewa.

Wassalam.