Wasiƙa zuwa ga Yaya kan karatun Abba

Le Havre, Faransa

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. A gaishe mini da Inna da kyau, a tambaye ta ya ƙafar tata da wannan sanyin.

Saƙonka ya same ni. Ka ce Abba ya kafe sai sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru zai nema, kai kuma kana tsoron ya ƙare yana rubuta allon shaguna a Sabon Gari. Tsoron uba ne, ban ga laifinka ba. Amma tunda da wannan sana'a nake cin abinci, bari in faɗa maka yadda take, sai ka yanke hukunci da sani.

Koyarwa ita ke biyan haya. Ɗalibaina a nan rabi matasa ne, rabi tsofaffin da suka ajiye aiki suka zo koyon riƙe buroshi. Baje koli kuwa rabo ne. Kai za ka sayi katakon da za a kewaye zanen, kai za ka biya mota, in an sayar masu ɗakin baje kolin su ɗauki kusan rabi. Wata shekarar ka samu, wata shekarar ka kwaso kayanka ka dawo da su. Duk wanda ya gaya wa Abba cewa daga kammala karatu zai fara sayar da zane da tsada, bai gaya masa gaskiya ba.

Inda ran sana'ar yake shi ne waje. Da asuba nake ɗaukar allo mai ƙafa uku da fenti in sauka bakin teku. Sararin samaniyar nan ba ya tsayawa. Kafin ka gama haɗa launin gajimare ya sauya, dole hannunka ya koyi sauri, idonka ya daina zana abin da yake zato ya koma zana abin da yake gani. A wannan garin ne wani mai zane, Eugène Boudin, ya ja Claude Monet, wanda daga baya ya zama shahararren mai zane, yana saurayi ya fitar da shi fili, ya nuna masa aiki a ƙarƙashin rana. Abin da ya sauƙaƙa musu shi ne fentin da ake matsowa daga ƙaramin bututu, wanda wani Ba'amurke ya ƙirƙiro a 1841, har mutum ya iya zuba launukansa a jaka ya fita. A 1872 Monet ya zana fitowar rana a tashar jiragen ruwan nan, aka baje zanen a Faris a 1874, masu sharhi suka yi masa dariya. Yau mutane daga ko'ina suke zuwa su tsaya inda ya tsaya.

Kuma Yaya, ba mu da abin jin kunya a Zariya. A 1958, kafin kwalejin ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ɗalibai irin su Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiya suka ce ba za su tsaya kwaikwayon Bature kaɗai ba, za su haɗa abin da suka koya da abin da suka gada. Duk wanda ya san zanen Afirka a ƙasar nan, da na ce a Zariya na yi karatu sai ya gyara zama. Tun kafin su ma, wa ya koya wa magini Babban Gwani tsara bakan gizon rufin Masallacin Juma'a? Wa ya koya wa maginan Birni zanen da suke yi a fuskar zaure? Ido ne da hannu, kuma na ga su a takardun da Abba ya turo mini.

Na san Inna za ta tayar da maganar zana mai rai. Wannan ku kai wa malamai, su suka fi mu sani. Ni dai yawancin aikina ruwa ne da sama da gine-gine.

Roƙona ɗaya ne. Kafin ka ce e ko a'a, bar shi ya fita. Ya je gindin Kufena lokacin da hazo ya sauka, lokacin da dutsen ke zama toka-toka, inuwa ta ɓace, ƙasa kaɗai ta rage da jan nata. Wallahi ina neman wannan hasken a nan ban samu ba. Ya zana ragowar ganuwa, da rimayen cikin gari, da bakin Kubanni da yamma. Mutane za su taru a kansa, yara su yi ta leƙe, wani ya ce ya rasa aikin yi. In ya jure wannan har damina bai gaji ba, to da gaske yake, kuma ni na ɗauki nauyin kayan aikinsa har ya gama.

Na turo kuɗi ta hannunka. A saya masa takarda mai kauri da fensira masu laushi. Fenti ya dakata tukuna, gawayin murhu ma ya ishe shi farawa. Duk Juma'a ya ɗauki hoton abin da ya yi ya turo mini ta WhatsApp, zan duba in gyara masa.

A gaida su Gwaggo na Tudun Wada da mutanen zaure. Allah ya bar zumunci.

Wassalam,
Ƙaninka