Wasiƙa zuwa ga aminina a Bronx, kafin ya kai yara Tsibirin Ellis

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya ƙarfin jikin Hajiya, kakar yara? Ina fata sanyin garin bai takura mata ba. Allah ya ƙara mata lafiya da nisan kwana.

Saƙonka ya iso. Ka ce malamar su babbar 'yarka ta sa kowa ya rubuta daga ina iyayensa suka zo, ita kuwa abin da ta iya cewa kawai shi ne Afirka, kuma abin ya tsaya maka a rai har kake son kai su gidan tarihin masu ƙaura da ke Tsibirin Ellis a New York. Shawara ce mai kyau, amma ziyarar kaɗai ba za ta ba yarinyar amsa ba. A can za ta koyi yadda ake tambaya. Amsar tana ɗakin Hajiya, kuma tunda Allah ya sa tana wurinku wannan shekarar, kada ka bari ta koma Kumasi ba a ɗauki maganarta ba.

Bari in fara da tafiyar. Shiga gidan tarihin kyauta ne, kuɗin jirgin ruwa kawai za ka biya. Kamfani ɗaya tak hukuma ta ba izinin sauke mutane a tsibirin, wato Statue City Cruises, kuma daga wuri biyu jiragensa ke tashi: Battery Park a ƙarshen Manhattan ta kudu, da Liberty State Park a New Jersey. Ka sayi tikiti ta intanet tun da sauran kwanaki. Da ka fito daga tashar jirgin ƙasa za ka ga 'yan kamasho sanye da riguna kamar na ma'aikata suna tare mutane. Yawanci tikitin jiragen da ke zagaya ruwa su dawo suke sayarwa, ba sa sauka a tsibirin, don haka ko kallonsu kada ka yi. Ana binciken jaka kamar a filin jirgin sama, saboda haka ƙaramar wuƙar yankan lemo ta zauna a gida.

Inda iyalai suka fi yin kuskure shi ne lokaci. Jirgin da ya tashi daga Manhattan yana fara tsayawa ne a tsibirin mutum-mutumin 'yanci, sannan Ellis. Sai yara su ƙarar da ƙarfinsu wajen guje-guje da ɗaukar hoto, a isa gidan tarihin da la'asar sakaliya kowa na jin yunwa. Ku kama jirgin safe, kada ku wuce awa ɗaya a wurin mutum-mutumin, ku bar wa Ellis awa biyu zuwa uku. Idan da mota za ku je, tashi daga New Jersey ya fi, domin wannan jirgin Ellis yake fara zuwa. Ku yi alwala tun daga gida, ku riƙe ƙaramar darduma da guzurin abinci, kuma kowa ya ɗauki rigar sanyi ko da rana ta fito, iskar kan ruwa daban take. Ana ba da na'urar saurare ba tare da ƙarin kuɗi ba, akwai Turanci da Faransanci da Larabci, akwai kuma wadda aka shirya don yara. Ka tambayi ma'aikatan da ke teburin shiga littafin Junior Ranger: yaro zai cike shi yana zagayawa, a ƙarshe a ba shi baje. Ka duba shafin hukumar kafin ranar, domin wani lokaci ana rufe wasu ɗakuna saboda gyara.

Da dare kafin tafiyar ka ba su labarin a taƙaice. An buɗe wurin ranar 1 ga Janairu 1892, aka rufe shi a 1954, kuma mutum wajen miliyan 12 ne suka bi ta nan suka shiga Amurka. Ta farko da aka yi wa rajista wata yarinya ce 'yar Ireland mai suna Annie Moore, ta zo da ƙannenta maza biyu. Ranar 17 ga Afrilu 1907 kaɗai an tantance mutum 11,747. Talakawan da suka yi tafiya a ƙasan jirgi su ake kawowa tsibirin. Masu tikitin manya a cikin jirgi ake duba su, su sauka su tafi abinsu.

Babban zauren rajista da ke hawa na biyu shi ne zuciyar wurin, a nan nake so ku daɗe. Ka tsayar da yara ka gaya musu cewa likitoci kan tsaya suna kallon mutane tun suna hawowa, cikin 'yan daƙiƙoƙi su gane mai ɗingishi da mai haki. Wanda aka yi shakkarsa sai a rubuta masa harafi da alli a jikin rigarsa: L idan ƙafa ce, H idan zuciya, E idan ido. Abin da aka fi tsoro shi ne duban amosanin ido, inda ake juya fatar ido da wata 'yar ƙugiyar ƙarfe, domin mai wannan cuta mayar da shi ake yi. Kusan biyu cikin ɗari aka mayar. Adadin kamar kaɗan ne, amma ka sa yara su yi tunanin gidan da aka ce uwa ta wuce, ɗanta ya koma. Daga nan ka yi musu tambayoyin da ake yi wa masu zuwa: Wa ya biya maka kuɗin jirgi? Nawa ne a aljihunka? Wurin wa za ka? Idan sun gama amsawa, ka gaya musu abin da aka tambaye ka kai ma a ofishin jakadanci. Su san babansu ya taɓa tsayawa a layi irin wannan.

Za su ji ana cewa ma'aikatan Ellis ne suka riƙa canza wa mutane suna. Masana tarihi sun nuna ba haka ba ne: da takardar fasinjoji da aka rubuta tun a tashar da jirgi ya taso ake aiki, mutane da kansu suke sauya sunansu daga baya. Wannan dama ce ta nuna musu yadda suna ɗaya yake zama Muhammadu a Kano, Mohammed a fasfon Ghana, Mahamadou a takardun Nijar.

A can akwai ɗakin bincike inda ake neman sunayen waɗanda suka sauka a tashar New York. Ka gaya wa yara tun da wuri cewa bayanan sun tsaya a 1957, kada su nemi sunan gidanku su rasa, ransu ya ɓaci. Mutanenmu sun zo ne bayan dokar 1965 da ta soke rabon gurbi bisa asalin ƙasa, wasu kuma ta cacar biza da dokar 1990 ta kawo. Sashen da ke magana a kan waɗanda suka zo bayan rufe tsibirin shi ya fi kusa da labarinku. A hawa na uku kuma akwai kayan da mutane suka taho da su daga gida: tufafi, littattafan addini, tukwane, kayan kiɗa. Kowane yaro ya zaɓi abu ɗaya ya zana shi, za ka ga amfanin haka idan kun koma gida.

Ba ta Ellis aka shigo da waɗanda aka kawo cikin mari ba. Wata ranar daban ku je maƙabartar 'yan Afirka da ke 290 Broadway, wadda aka gano a 1991 ana haƙa harsashin gini. An tono ƙasusuwan mutum 419, aka sake binne su a 2003. Shiga kyauta ne. Bai kamata yaran su tashi suna zaton iyayensu ne 'yan Afirka na farko a birnin ba.

Yanzu aikin gida, wanda ya fi wancan muhimmanci. Ka fara da muryar Hajiya. Ɗaki marar hayaniya, a kashe talabijin da fanka, a sa wayar a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse ɗauka, a ajiye ta a kan filo kamar taƙi biyu daga bakinta. Da farko ka faɗi kwanan wata da wuri da sunan mai magana. Kada zama ɗaya ya wuce minti 40, gara a yi uku a ranaku daban-daban. Jikokin ne za su yi tambaya, ko da Hausarsu ta karye, kai ka yi tafinta kawai. Kada a tambaye ta shekara, tsofaffinmu ba da lamba suke riƙe lokaci ba. A ce mata: wa ke sarautar zango lokacin? Kin yi aure ko ba ki yi ba sa'ad da gwamnatin Busia ta kori baƙi daga Ghana a 1969? Me kakanki yake ɗaukowa daga Kano, me yake komawa da shi? Daga irin wannan ne za ka ciro shekarun. Idan ta yi shiru kada a cike mata, sau da yawa bayan shirun ne maganar gaske take fitowa. Idan kuma ta ce a kashe, a kashe.

Sai taswira. Ku samo babba, ku manna a bango, ku ja zare da ƙananan ƙusoshi: Kano, Salaga, Kumasi, Accra, New York. Zaren babansu launi ɗaya, na mamansu wani launi. Ka nuna musu cewa a 1892, shekarar da aka buɗe Ellis, yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga da ke ƙasar Gwanja a arewacin Ghana, fataken goro suka bazu zuwa Kete-Krachi da sauran garuruwa. Ƙaura a gidanku ta girmi jirgin sama nesa ba kusa ba.

Game da takardu da hotuna, ina roƙonka kada ka kai su a liƙe da roba. Zafi da gam suna cin takarda, kuma ba a iya cirewa. Ban da salatif, ban da ƙusar takarda mai tsatsa. A sa kowace takarda a ambulan marar sinadarin asid, a ajiye a ɗakin kwana. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa laima ce da shi, fumfuna za ta kama su. A rubuta sunayen mutane a bayan hoto da fensir mai laushi, biro yana huda hoto kuma tawada tana fitowa ta gaba. Ku ɗauki kwafin takardu a ma'aunin 300 dpi (awon kyawun hoto a na'urar ɗaukar kwafi), ƙananan hotuna a 600. Idan 'yan'uwa za su turo daga Kumasi ta WhatsApp, su turo a matsayin fayil, domin hanyar hoto tana rage masa kyau. Komai a yi masa kwafi uku, ɗaya a wajen gidan.

Ka ce ƙungiyarku na son yin baje koli ranar taron Sallah. Kaya 12 zuwa 15 sun isa: allo, tasbaha, ƙwaryar goro, zanen aure, tsohon tikitin jirgi, jakar nan ta Ghana-mos-go da ta samo sunanta daga korar 1983 a Najeriya. Kowane abu da katinsa, kalmomi 40 ko ƙasa da haka, Hausa a sama Turanci a ƙasa, kuma yaro ne zai rubuta: na wane ne, daga ina, me ya sa aka taho da shi. A buɗe littafin aro, mai kaya ya sa hannu ranar bayarwa da ranar karɓa, a ɗauki hoton abin tun kafin ya bar hannunsa, domin rigimar bayan taro kusan kullum a kan wannan take. Kwafin takarda ake bajewa, asalin ya zauna a gida. Rini da saƙi kada su kusanci taga, rana tana koɗar da su, teburin abinci kuma ya yi nesa da na kaya.

Abu ɗaya da ba na so ka yi sakaci da shi: a rufe lambar fasfo da ta katin zama a duk abin da za a nuna, kuma kada a tambayi kowa a gaban na'ura ta wace hanya ya shigo ƙasar. A cikin jama'a akwai waɗanda takardunsu ba su kammala ba, bidiyo kuwa idan ya hau intanet ba ya dawowa. Wanda ya yarda a ɗauke shi, a gaya masa inda za a nuna, a bar masa damar janyewa.

Ka gaishe mini da Hajiya da kyau, ka ce ina neman addu'a. Ka gaida uwargida da yara. Idan kun yi zaman farko, ka turo mini in saurara, zan taimaka wajen rubuta shi da gano garuruwan da za ta ambata a hanyar Gwanja.

Wassalam,
Naka amini.