Wasiƙa kan shirin Dahmer da ka sa na kalla

Zuwa ga aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kuna lafiya, kai da iyali, ya kuma fama da sanyin can? Mu nan Kano sai godiyar Allah. Hajiya tana gaishe ka, kullum sai ta tambaye ni yaushe za ka leƙo gida.

Shirin nan na Jeffrey Dahmer da ka dame ni in kalla a Netflix, na gama shi. Kashi goma ne cif, na cinye su a dare huɗu a waya, bayan yara sun yi barci. Kai ka yabe shi, ni kuwa wani abu ya tsaya min a wuya, shi ya sa na ga gara in zauna in rubuto maka.

Aiki kam an yi shi, babu musu. Amma mutumin nan rai 17 ya kashe tsakanin 1978 da 1991, yawanci a birnin Milwaukee na Amurka, kuma akasarinsu baƙaƙen fata ne. Da na kashe waya na gwada lissafo sunayensu, biyu kacal na iya kawowa. Shi kuwa na san yadda auren iyayensa ya mutu, na san gidan kakarsa, har irin tabarau da yake sawa na sani. Wallahi na ji kunyar kaina.

Ɗaya daga cikin biyun shi ne Konerak Sinthasomphone, yaro ɗan shekara 14, ɗan asalin Laos. A watan Mayun 1991 ya kuɓuce ya fito titi a galabaice, ko magana ba ya iya yi. 'Yan mata baƙaƙen fata suka gan shi suka kira 'yan sanda. Dahmer ya zo ya ce ai shekararsa 19, giya ce ta yi masa yawa. 'Yan sandan suka yarda da shi, suka yi biris da 'yan matan, suka raka yaron har cikin ɗakin da aka kashe shi a daren. Mutum huɗu suka sake salwanta kafin a kama shi a watan Yuli. A nan na tsayar da kallon, na fita tsakar gida na daɗe a tsaye, don babban ɗana shekarunsa ke nan. A ganina nan ne zuciyar labarin, amma ba a jima ba aka sake komar da mu kan fuskar makashin.

Sai batun Rita Isbell, 'yar'uwar Errol Lindsey, ɗaya daga cikin waɗanda Dahmer ya kashe. A 1992 ta tsaya a kotu baƙin ciki ya ci ƙarfinta, ta yi kan Dahmer da ihu har sai da aka rirriƙe ta. Shekara 30 bayan haka aka kwaikwayi wannan ranar, har rigar da ta sa, kuma ta fito ta ce babu wanda ya tuntuɓe ta. Ka duba fa. Mu da ko hoton gawa aka yaɗa a WhatsApp sai dattawa sun tsawata, ina ga a ɗauki ranar da ta fi kowace ɗaci a rayuwarka a sayar wa duniya?

Ba wai na ƙi irin waɗannan fina-finai gaba ɗaya ba ne. When They See Us na 2019, kan yara biyar da aka ɗaure bisa zalunci a New York kan wani laifi da aka aikata a 1989 har aka wanke su a 2002, shi ma na Netflix ne. Can kyamara tana tare da yaran da iyayensu mata, kuma an yi aikin ne da saninsu. Na gama shi ina riƙe da sunan Korey Wise, ɗaya daga cikin yaran, har yau.

Idan ka samu sarari ka kalle shi, sai mu yi magana a waya ranar Juma'a bayan la'asar ɗinmu. Ka gaishe da madam da yara, ka ce wa ƙaramin kilishinsa yana hanya.

Naka har kullum,
Amininka