Maganin da ake yi wa shanu yana biyo mu cikin nono

Assalamu alaikum Malam Edita. Don Allah a ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana kan madara da nonon da muke sha a Kaduna.

Duk wanda ya san ruga ya san in saniya ta kamu da ciwon hantsa ko zazzaɓi, ba kowa ke jiran likitan dabbobi ba, kasuwa ake zuwa a sayo oksitetrasaikilin, wannan da ake ce wa LA, ko penisilin mai haɗe da sitireptomaisin a danna mata allura. Toh a jikin kwalbar an rubuta kwanakin da za a jira kafin a sha madararta, amma wa ke karantawa? Da safe an tatsa, da rana yana cikin ƙwarya a Kawo ko Kasuwar Barci. Kuma tafasawa ba ta gama kashe maganin. In muna ta shan ɗan kaɗan ɗan kaɗan ƙwayoyin cuta sai su saba, ranar da mutum ya kwanta a ba shi magani ya ƙi ci. An ƙiyasta mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya a 2019 saboda wannan bijirewar ta ƙwayoyin cuta.

Mata masu nono suna da nasu gwajin tun da can, in aka zuba iri kindirmo ya ƙi kamawa ya kwana tsululu, wani lokaci maganin ne ya kashe ƙwayoyin da ke sa shi tsami. Sai dai wannan sai maganin ya yi yawa. Ƙa'idar Codex ta duniya kan ingancin abinci kuwa, penisilin kar ya wuce maikirogiram 4 (maikirogiram kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram) a lita ɗaya ta madara, tetrasaikilin, wato dangin LA, 100, abin da ba ido ba harshe da zai gane.

Shi ya sa wata dabara ta masu bincike ta gano maganin a cikin madara ta burge ni. Garin tsatsar ƙarfe ne mai bin maganaɗisu, ƙwayoyinsa ƙanana ƙwarai, sai an jera dubbai kafin su kai kaurin gashi ɗaya. Ana shafe su da wani sinadari da ba ya kama komai sai maganin da ake nema, a zuba cikin 'yar madara a girgiza, sai a kara maganaɗisu a jikin kwalbar, gaba ɗaya su taru a gefe ɗaya riƙe da maganin, kamar yadda yara ke jan ƙusa daga yashi da mayen ƙarfen tsohuwar sifika. A zubar da madarar da maiƙonta, wanda dama shi ke rikita gwaji, a ɗauraye, sannan a duba ko launi ya canza ko ƙaramin mita ya nuna. Ba sai an kai samfur wajen manyan injinan lab masu tsada da cin wuta ba. Gaskiya yawancin aikin har yanzu a ɗakin bincike yake, kuma sinadarin shafawa iri ɗaya ba ya kama kowane magani.

Kirana ga malamanmu na ABU Zariya da NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi da ke Shika, da kuma NAFDAC, ku gwada wannan abu da madarar shanunmu, a zafinmu, a ga ko zai yi aiki a wuraren tattara madara irin na Ladduga ba tare da firij ba. Amma fa a yi tunanin Bafulatana ma, in aka ce ta zubar da madarar kwana da kwanaki ba a ba ta komai ba wallahi ɓoyewa za ta yi ta kai wata kasuwar. Sai ƙungiyoyin masu madara su ware ɗan abin da za a riƙa rage mata asara, a kuma buga kwanakin jiran nan da Hausa da Fulatanci a jikin kwalbar.

Naku,
Mai karatu daga Tudun Wada, Kaduna